Gudan Jinin Da Ya Narke A Kwalba: Darasi Kan Furotin Na Bayan Ƙwayoyin Halitta

 Editan mujallarmu ya matsa min lamba kan in kawo darasi maimakon labarin siyasar ƙungiya, to ga shi na kawo. Wanda ba ɗan kimiyya ba kada ya juya shafi tukuna, domin maganar ta shafi duk gidan da ake haihuwa a cikinsa.

Lokacin da nake aikin sanin makama a ɗakin gwajin wani asibiti, an kawo mana jinin wata mata daga ɗakin haihuwa. Ta haihu lafiya, amma jini ya ƙi tsayawa. Na zuba kaɗan a kwalbar da babu maganin hana daskarewa, na ajiye. Bayan 'yan mintuna ya daskare, na ce alhamdulillahi. Na tafi wani aikin. Da na dawo, awa ɗaya ma ba ta cika ba, sai na tarar gudan ya watse, jini ya koma ruwa tsululu. Na ɗauka na yi wani shirme ne. Na kai wa dattijon da ke koya mana aiki, ina ta shirin ba da haƙuri. Ya ɗaga kwalbar ya duba a haske, ya ce, "'Yata, ba laifinki ba ne. Maza ruga ki gaya musu jininta yana cin kansa." Na ce, "Baba, yana cin kansa kamar yaya?" Ya ce in je in dawo tukuna. Matar dai ta rayu, an ƙara mata jini an yi mata allura. Tambayar da na yi wa Baba ita ce na shafe wata da watanni ina bi, kuma amsarta ce wannan darasin.

A aji an fi koya mana yadda jini ke daskarewa. Kowa ya haddace: jijiya ta yanke, ƙananan ƙwayoyin filatilet sun taru, turombin ya yanka fibirinojin ya mai da shi zaren fibirin, zaren ya saƙu ya kama jajayen ƙwayoyi, gudan jini ya samu. Nan malami yakan tsaya, mu ma mu rufe littafi. Amma ku tambayi manomin rani. Idan ya datse kwata da laka don ruwa ya shiga wani fangali, ai ba ya barin lakar nan har abada. Dole ya dawo ya buɗe, in ba haka ba sauran lambun ya bushe. Gudan jini ma toshiya ce ta wucin gadi. Jiki yana da masu buɗe ta, kuma sun fara shiri tun lokacin da ake toshewar.

Babban mai buɗewar sunansa filasmin. Inzayim ne mai yanka furotin, kuma ba shi da tsani sosai: yana yanka fibirin, yana yanka fibirinojin, yana yanka wasu furotin ɗin da ke riƙe da naman jiki. Abu mai irin wannan kaifi ba a barin sa tsirara a cikin jini. Don haka hanta take ƙera shi cikin kube, wato a siffar da ba ta yanka, ana kiran sa filasminojin. Yana yawo a jininmu kullum, kusan miligiram 200 a kowace lita ta ruwan jini. Masu zare shi daga kube biyu ne. Akwai tPA, wanda ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin jijiya, wato endotiliyam, suke fitarwa. Akwai kuma uPA, wanda aka fara ganowa a cikin fitsari, shi ya sa ake ce masa yurokines.

To ga abin da ya ɗaure min kai da farko. Filasminojin yana cikin jini, tPA ma yana cikin jini. Me ya hana su haɗuwa su narkar da komai? Amsar ita ce, a cikin ruwan jini kawai, tPA malalaci ne na ƙarshe. Yana wuce filasminojin kamar bai san shi ba. Ko da an yi dace filasmin ya fito, akwai ɗan sandan da ake kira alfa-2 antifilasmin, wanda ke cafke shi cikin ƙasa da sakan ɗaya. Shi kansa tPA yana da nasa mai kamun, PAI-1, kuma hanta tana share shi daga jini cikin 'yan mintuna. Aikin ba ya tafiya sai an samu wurin zama, wato wani dandamali da zai riƙe su biyun gefe da gefe. Zaren fibirin dandamali ne: idan tPA da filasminojin suka hau kansa, saurin aikin yana ninkuwa sau ɗaruruwa. Kun ga hikima, gudan jinin da kansa ne yake kiran mai rushe shi. Dandamali na biyu kuwa shi ne bayan ƙwayar halitta, kuma nan darasinmu ya dosa.

Ku riƙe layisin

In za ku manta komai, kada ku manta wannan. A jikin filasminojin akwai wasu lanƙwasassun sassa guda biyar da ake kira kiringil. Sunan wani burodi ne murɗaɗɗe na mutanen Denmak da maƙwabtansu, mu da a wurinmu aka gano shi da alkaki za mu ce. Waɗannan kiringil ɗin hannuwa ne, kuma abin da suke kamawa shi ne layisin, ɗaya daga cikin tubalan gina furotin, musamman idan ya zo a ƙarshen sarƙa. Duk furotin ɗin da ya leƙo bayan ƙwaya da layisin a wutsiyarsa, to yana iya zama wurin saukar filasminojin. Shi ya sa masu karɓarsa suke da yawa, sun haura goma. Akwai alfa-inoles, wanda muka sani a darasin ƙona sukari a cikin ƙwaya, ashe yana da aiki na biyu a waje. Akwai Plg-RKT da aka bayyana a 2010, wanda fararen ƙwayoyi ke amfani da shi wajen kutsawa wurin da ya kumbura.

Da filasminojin ya kama layisin sai ya buɗe jikinsa, yankan shi ya yi sauƙi. Na biyu, filasmin ɗin da aka haifa a nan hannuwansa a cike suke, kuma ta waɗannan hannuwan ne antifilasmin yake fara damƙarsa. Don haka ɗan sanda ba ya samun wurin kamawa da wuri. Kaifin yana nan daidai inda ake bukatar sa, da zarar ya saki ya faɗa cikin jini kuwa an cafke shi. Wani abin kuma, duk inda filasmin ya yanka fibirin yakan bar sabon layisin a bakin yankan, sabon filasminojin ya zo ya sauka. Aikin yana ciyar da kansa kamar wutar kara.

Wanda aka fi nazari a cikin masu karɓar nan shi ne aneksin A2. Ni dillali nake kiran sa. A kara, mai saniya yana gefe, mai saye yana gefe, suna iya wuni ba su yi magana ba sai dillali ya riƙo hannun wannan ya riƙo na wancan. Aneksin A2 yana manne da fatar ƙwayar endotiliyam da taimakon sinadarin kalsiyam, ba shi kaɗai ba, tare da wani ƙaramin furotin mai suna p11, wanda kuma ake kira S100A10. Biyu na wannan, biyu na wancan, su huɗu a dunƙule. Suna riƙe tPA, suna riƙe filasminojin. Katherine Hajjar da abokan aikinta a jami'ar Cornell da ke Amurka ne suka nuna haka a 1994, kuma a gwajinsu ingancin aikin tPA ya ninku kusan sau 60. Ƙwayar ba ta fito da dillalin nan barkatai. Idan ta ji turombin a kusa, ko iskar oksijin ta yi mata ƙaranci, sai ta ƙara turo shi waje.

Akwai gardama a nan, kuma ina son ku san da ita don kada wani malami ya rikita ku. David Waisman da mutanensa a Kanada suna ganin p11 ne ainihin mai riƙe filasminojin, tunda shi ne yake da layisin a wutsiya tun asali, aneksin kuwa turke ne kawai. Abin da ya sa rabuwar take wuya shi ne, idan aka cire aneksin A2 daga ƙwaya, p11 ma ba ya daɗewa, ƙwayar tana rushe shi. To in ka cire ɗaya ka ga matsala, na wa za ka ce? Ni dai a jarrabawa "haɗakar aneksin A2 da p11" nake rubutawa, kuma shawarar da zan ba ku ke nan.

Me ke faruwa idan dillali ya ɓace? A 2004 an wallafa sakamakon ɓerayen da aka cire musu ƙwayar gadon aneksin A2. Suna rayuwa, suna haihuwa, amma fibirin yana taruwa a ƙananan jijiyoyinsu, kuma idan gudan jini ya toshe musu jijiya ba sa share shi da kyau. A mutane ma an ga masu hana shi aiki. Homosistin idan ya yi yawa a jini yana ɓata wurin da tPA ke kamawa. Wani nau'in kitse mai suna lipofurotin(a) yana ɗauke da kiringil irin na filasminojin sak, sai ya zauna a kujerarsa alhali ba ya yanka komai.

Idan dillali ya yi yawa fa? Nan ne abin tsoro. Akwai wata sankarar jini da ake kira APL, wadda ke faruwa idan kuromozom na 15 da na 17 suka yi musayar yanki. Tun da daɗewa likitoci sun san masu ita sukan mutu da zubar jini a kwanakin farko, sau da yawa a cikin ƙwaƙwalwa. A 1999 ƙungiyar Hajjar ta nuna ƙwayoyin wannan sankarar sun cika bayansu da aneksin A2, suna ta haifar da filasmin har antifilasmin ya ƙare. Ba wannan ne kaɗai dalilin zubar jinin ba, domin ƙwayoyin suna kuma kunna daskarewa har kayan aikin su ƙare, amma babban kaso ne. Maganin ATRA, ɗan uwan bitamin A, wanda likitocin Shanghai suka ba da rahoton nasararsa a 1988, yana sa ƙwayoyin su balaga, aneksin ɗin ya ragu, jinin ya lafa. Yau APL tana cikin sankarorin jinin da aka fi warkarwa, in dai mara lafiya ya tsallake makonnin farko. Shi ya sa mai duba jini a madubin ƙara girma yake da nauyi a wuyansa: in ya ga irin ƙwayoyin nan, ba sakamakon da ake bari sai gobe ba ne.

Birki ma a bayan ƙwaya yake. Turombomodulin furotin ne da ya ratsa fatar endotiliyam. Idan ya kama turombin sai ya sauya masa hali. Turombin ɗin ya daina yin fibirin, ya koma kunna furotin C mai rage daskarewa, ya kuma kunna wani inzayim mai suna TAFI. Sunan ya yi kama da Hausa, kuma ya dace, don aikinsa shi ne ya bi zaren fibirin yana guntule layisin ɗin da ke wutsiya, filasminojin ya zo ya rasa wurin sauka, ya tafi. Ta haka gudan jini yake samun kwanakin da rauni ke bukata.

Yanzu mu koma ɗakin haihuwa. Allurar da aka yi wa matar nan tiranekzamik asid ce. Utako Okamoto da mijinta Shosuke ne suka bayyana shi a Japan a 1962, kuma ita burinta tun farko zubar jinin haihuwa ne. Siffar maganin ta yi kama da layisin. Yana shiga hannuwan kiringil ya cika su, filasminojin ya kasa hawa kan fibirin, gudan jini ya tsira. Ba ya sa jini daskarewa, hana narkewa yake yi, kuma masu saka tambaya suna son wannan tarkon. An daɗe ba a gwada shi a kan masu jego yadda ya kamata ba, sai a babban gwajin WOMAN da aka fitar a 2017: mata 20,060 a ƙasashe 21, Najeriya na cikin waɗanda suka fi ba da mata. Mutuwa ta zubar jini ta sauka daga kashi 1.9 zuwa 1.5 cikin ɗari. Ga waɗanda aka yi wa cikin awa uku da haihuwa kuwa, daga 1.7 zuwa 1.2, kusan kashi ɗaya cikin uku ke nan. Bayan awa uku ba a ga amfanin ba. A shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abin da ake ba duk mai zubar jinin haihuwa, giram ɗaya ta jijiya. Utako ta rasu a 2016, ba ta ga sakamakon ba. Ku lissafa awa ukun nan da kyau: a gida aka haihu, an tsaya jiran mai gida ya dawo, an nemi mota, an kama hanya. Wallahi sau da yawa a nan lokacin yake ƙarewa.

Akasin haka ma magani ne. Tun 1933 William Tillett ya lura wasu ƙwayoyin cuta na siteraftokokas suna narkar da gudan jinin mutum, daga nan aka samu siteraftokines. Daga baya aka ƙera tPA a masana'anta, aka amince da shi a Amurka don toshewar jijiyar zuciya a 1987, don shanyewar ɓarin jiki kuma a 1996. Ana ba da shi cikin awa huɗu da rabi, kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa an tabbatar toshewa ce ba fashewar jijiya ba. Gwajin D-dayima da muke yi kuwa ɓurɓushin fibirin ne da filasmin ya yanka. Yana gaya mana an yi gudan jini an kuma fara rushe shi, bai faɗi a ina ba.

To ina ruwan wannan da sabuwar jijiya?

Ƙwayar halitta ba ta iya zama nesa da jijiya fiye da kusan maikuromita 100 zuwa 200, don iyakar inda oksijin ke iya tsiyayawa ke nan. Duk naman da zai girma ko zai warke, sai jijiya ta bi shi. Sabuwar jijiya daga tsohuwa take tsirowa, kamar reshe. Naman da ya rasa iska yana fitar da VEGF, wanda Napoleone Ferrara ya tace a 1989, kiran gaggawa ke nan. Ƙwayar endotiliyam ta ji kira, amma tana zaune a kan shimfiɗa mai tauri, gabanta kuma saƙar kolajin ce da fibirin. Dole ta sara hanya.

A nan uPAR yake shigowa, mai karɓar uPA. Ba ya ratsa fatar ƙwaya, da ɗan ƙugiyar kitse yake rataye a waje, don haka yana iya zamewa ya taru a goshin ƙwayar, ta ɓangaren da ta nufa. Ya riƙe uPA a nan, aneksin da p11 suna riƙe da filasminojin a kusa, filasmin ya fito a daidai bakin hanya. Ya yanka fibirin, ya tayar da wasu inzayim masu suna MMP waɗanda ke iya cin kolajin, ya kuma saki VEGF da ke maƙale a cikin saƙar, kira ya ƙara ƙarfi. Adda ɗaya ce ke share toshiya a cikin jijiya take kuma sare daji a wajenta. Ɓerayen nan marasa aneksin A2 sun tabbatar: a gwajin da ake sa jijiyoyi su tsiro a bayan ido, nasu ba su tsiro sosai ba. Ɓerayen da ba su da filasminojin kuwa rauninsu yana daɗewa bai rufe ba. Mutanen da aka haifa da ƙarancinsa, abin mamaki, ba toshewar jijiya ce ta fi damun su ba. Wani farin ɓawo mai tauri ne na fibirin yake fito musu a cikin fatar ido.

Kada ku ɗauka yawan sara shi ne yawan jijiya. Fibirin da ake yankawa shi ne kuma matakalar da ƙwayar ke takawa. A 1998 an ga cewa ɓerayen da ba su da PAI-1, wato babu mai tsawata wa uPA, jijiyoyi sun kasa shiga ƙarin dajin da aka dasa musu. An sare har ƙasar da za a taka. Wannan ne ya sa a kansar nono yawan uPA alama ce mara kyau, yawan PAI-1 ma haka, ko da yake ɗaya mai hana ɗaya ne. Na daɗe ina ganin kamar kuskuren littafi ne kafin in gane.

Kansa ta san wannan hanyar sarai. Judah Folkman, likitan tiyata a Boston, ya rubuta a 1971 cewa ƙari ba ya wuce 'yan milimita kaɗan sai ya jawo wa kansa jijiya, don haka in an hana jijiyar an hana shi girma. Shekaru aka yi ana yi masa kallon mai mafarki. A 1994 Michael O'Reilly a ɗakin gwajinsa ya bi diddigin wani abu: a wasu ɓeraye, da an cire babban ƙari sai ƙananan da suka watsu a huhu su tashi da gudu. Ashe babban yana sa a samu wani abu a jini mai hana tsiron jijiya. Da aka tace shi aka sa masa suna anjiyostatin, sai ga shi guntun filasminojin ne, kiringil huɗun farko. Furotin ɗin da ke buɗe wa jijiya hanya, in an gutsure shi, shi ne mai tare ta. Anjiyostatin bai yi abin da aka zata a jikin mutane ba, amma tunanin Folkman ya tsaya: a 2004 aka amince da bevacizumab mai kama VEGF. A kansa yakan ƙara watanni ne, ba ya warkarwa. Inda irin waɗannan magungunan suka fi burge ni shi ne ido. Masu ciwon suga da jarirai bakwaini, jijiyoyi marasa ƙwari sukan tsiro musu a bayan ido su yi ta yoyo har gani ya tafi, kuma allurar hana VEGF a cikin ido tana ceton ganin da yawa daga cikinsu.

Ga masu shiga ɗakin gwaji a zangon nan, abin da Baba ya nuna min daga baya shi ne: in an kawo jinin mai zubar jini, kwalbar da kuka ajiye ku duba ta sau biyu. Jinin da bai daskare ba sam bayan minti 20, kamar na wanda kububuwa ta sara, kayan daskarewarsa ne suka ƙare. Wanda ya daskare sannan ya narke cikin awa ɗaya ko biyu, filasmin ne ya ɓalle, domin gudan mai lafiya yana kwana ya wuni a kwalba bai watse ba. Ku rubuta lokacin da ya daskare da lokacin da ya narke, sannan ku kai sakamakon da ƙafarku.